Dutsen da Hukuma Ta Ce Lafiyarsa Ƙalau

Yau da safe na wuce tashata. Shekara biyar ina sauka a tashar Mushairib in canja jirgin ƙasa zuwa wurin aiki, ko ido a rufe zan iya, amma yau sai da na ji ana kiran sunan wata tasha da ban taɓa takawa ba sannan na ɗaga kai. Me ya ɗauke mini hankali? Dutse. Ni da furfurata da digirina biyu, na ƙura wa wani dutse ido a waya, ina jiran in kama shi da ƙarya.

Bari in yi muku bayani, kada ku ce zafin Doha ya taɓa ni. Uwargida Rahmatu ta koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin mu zo nan. Shekaru ta yi tana zana dutse mai aman wuta a allo, ba ta taɓa ganin ko hayaƙinsa ba. Ni kuma da bakina na yi alkawarin kai ta idan aurenmu ya cika shekara ashirin. Ya cika a watan jiya. Ta zaɓi wata ƙasa mai tsibirai can gabas, inda aka keɓe dutsen da dajin da ke kewaye da shi don masu yawon buɗe ido. Abin da ya rage kawai in miƙa takardar hutu a ofis kafin azahar ɗin yau Alhamis. In na wuce, sai baɗi. Rahmatu kuwa ta sanar da ni, cikin ladabi, cewa ita ba ta da wani baɗi.

Ranar Lahadi ta buɗe mini shafin hukumar da ke kula da wurin. Ashe sun kafa kyamara tana kallon dutsen kullum, kowa na iya leƙawa ta intanet kafin ya taso. A ƙasan hoton an rubuta yanayin iska, da hanyoyin da ke buɗe, da wata jimla guda: babu abin fargaba.

Nan take na ajiye cokali.

"Lafiya, Baban Alimatu?"

"Hukuma ta ce babu abin fargaba."

"To, ai alhamdu lillahi."

"Rahmatu, ke ba a ƙasarmu kika girma ba?"

Ku dai kun san abin da nake nufi. Ranar da Mai Girma Sarkin Kwantar da Hankalin Jama'a ya fito ya ce akwai fetur ɗin da zai ishe mu wata uku, ranar na fara layin da na yi kwana biyu a ciki, har na yi abokai, har ɗaya ya gayyace ni suna. Ranar da aka ce ruwan kogi ba zai haura ba, wanda ya san ciwon kansa ya ɗora katifa a kan rufi. A wurinmu sanarwar hukuma abar dogaro ce ƙwarai, sai dai a juye ake karanta ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

Ta ce ai ga kyamara, gani ya kori ji. Na ce kyamara kuma? Mu ma muna da ita. A garinmu, Ranka-Ya-Daɗe Shugaban Kwamitin Sa Ido ya kafa guda a kan sabuwar gada, don talaka ya duba halin hanya kafin ya fito. An yanka kyalle, an yi jawabi goma sha ɗaya, an ci shinkafa. Ku buɗe shafin yanzu, za ku ga gadar tana sheƙi, ga rumfunan biki, ga wani ɗan sanda ya buɗe baki zai yi hamma, shekara huɗu bai ƙarasa ba. Ita gadar ruwa ya tafi da ita damina biyu da suka wuce, da kwalekwale ake hayewa. Amma a intanet, sai dai mu yi godiya, babu gadar da ta kai tamu ƙarko a duniya.

Don haka na shiga bincike. Litinin na ga gajimare a kafaɗar dutsen. Talata ma na ga gajimare. Biri ya yi kama da mutum.

Ranar Laraba na kai kukana wurin maƙwabcinmu a unguwar Al Wukair, Gafaru, mutumin Zangon Kumasi, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Injiniya, gajimare kake tuhuma? Ka kai shi kotu mana."

"Kai ba za ka gane ba."

"Ni ban gane ba? Mu ma a wurinmu in an ce wuta ba za ta ƙara ɗaukewa ba, kyandir muke saye. Amma mutanen nan, in sun yi ƙarya dutse ne zai tona su, ba ɗan jarida ba. Shi kuwa ba a kiransa a waya a ce ya janye magana."

Na ce duk da haka, da ɗan gari akan ci gari. Ni ba na zuwa ko asibiti sai na san wani a ciki. Sai Gafaru ya tuna akwai wani abokin aikinsa ɗan tsibirin da dutsen yake, wanda surukinsa ke tuƙa baƙi zuwa gindin dutsen. Na ce madalla. A roƙi surukin ya tsaya gaban kyamarar gobe da ƙarfe bakwai agogon Doha.

"Ya ɗaga hannu?"

"Hannu kowa na iya ɗagawa. Ya riƙe bokiti a hannun hagu."

"Bokiti! Allah ya ba Hajiya haƙuri. Khalas, shi ke nan, zan gaya masa."

Abin da nake jira ke nan a jirgi yau. Bakwai ta yi, ba kowa. Na yi murmushin wanda zarginsa ya tabbata. Bakwai da minti shida, sai ga wani bawan Allah ya shigo hoton daga gefe, gajere, da hular kwano, riƙe da jan bokiti. Ya tsaya. Ya ɗaga shi sama kamar wanda ya ci kofi. Wasu Turawa biyu suka matsa gefe. A bayansa dutsen na fitar da siririn hayaƙinsa, bai damu da kowa ba. Can kuma wata ma'aikaciya mai kakin wurin ta zo ta yi masa magana, da alama tambaya take ko lafiya, sannan ta juyo ta goge gilashin kyamarar da hankici.

Wannan gogewar ce ta kashe mini jiki. Ba kwamiti, ba rumfa, ba mai ɗaukar hoto. Ta ga ƙura, ta share.

Na kira Rahmatu daga tashar da na tsinci kaina.

"Kyamarar tana aiki."

"Na sani."

"Sai dai fa ana iya haɗa baki da direban..."

"Baban Alimatu, ƙarfe nawa yanzu?"

Shekara ashirin sun koya mini cewa wannan ba tambaya ba ce. Na juya da jirgin gaba, na isa ofis a makare, na miƙa takarda tun kafin goma. An sa hannu. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, malamar labarin ƙasa za ta ga abin da ta daɗe tana zanawa, ni kuma zan riƙe mata jaka.

Ku taya ni da addu'a dai, ba don dutsen ba. Tsorona in je can in yi kwana goma ina yarda da sanarwar hukuma, abin ya bi jikina, sannan in tafi gida hutun sallah da wannan cuta.