Ranar da Na Nemi Agaji a Teku, Jakata Ta Amsa

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko cikin teku ba.

Ni ɗan Harra ta Gabas ne, a Madina aka haife ni. Makaranta tun da wuri na ce mata fi amanillah. Na yi wankin mota, na sayar da dabino a Ƙuba, na yi kai wa mutane abinci a babur, babu inda azumi biyu ya same ni. Da Baba ya gaji, sai Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata da ya yi ritaya a Yanbu ya sayi ɗan jirgin kamun kifi, ya ce, "Ku ba ni shi." Baba ya ce mini in Kawu ma ya koro ni, halas, shi ke nan, kar in ƙara zuwa masa da maganar aiki.

Kafin in tafi Kawu ya kira ni. "Ya walad, ka sayo mana lasilki na jirgi, rediyon da ake kiran agaji da shi. Ka san shi?"

"Haba Kawu! Ni fa?"

(Ni da ban taɓa ganin teku ba sai a jawwal, wato wayar hannu.)

Na nufi shagon masu kayan fita sahara, inda ake sayar da tanti da murhun gas. Nan na gan shi: launin kayan soja, ga doguwar eriya, ga tocila, kuma biyu ne a kwali ɗaya. Mai shagon, Allah ya saka masa, ya gaya mini gaskiya. Ya ce wannan na sahara ne, na teku daban yake, in bari sai na je Yanbu. Na ce masa, "Ya ammi, iskar ai ɗaya ce." Na ba abokina Usama ɗaya ya tsaya a Ranuna, ni ina Ƙuba, muka yi ta "Kana jina?" kamar 'yan sanda. Rangaɗau. Tun a motar Yanbu na kunna su duka biyun na murɗa su zuwa lamba sha shida, don na ji an ce ita ce tashar agaji a teku.

Da safe Kawu ya ce, "Ka sayo?" Na bubbuga jakata. Bai duba ba, ya yarda da ni.

Shi ya yi ta kama kifi, ni na yi ta amai. Bayan azahar inji ya yi tari ya mutu. Kawu ya ja igiyar injin har gumi ya jiƙa masa tobe, shiru. Jawwal babu shabaka ko ɗigo, ba damar kiran kowa. Ƙasa ta ɓace mana, iska kuma tana tura mu wajen wasu duwatsu da ke leƙowa daga ƙarƙashin ruwa, anga ta ƙi kamawa. Kawu bai ɗaga murya ba, amma na ga leɓensa yana motsi da addu'a.

"Ɗauko lasilki. Sha shida."

Na zaro shi da fahari, yani lokacina ya zo. Na danna, na kwarara ihu, Larabci da Hausa a haɗe: "Sa'iduna! Jama'a ku taimaka, za mu nutse, wallahi ban iya iyo ba!"

Sai ga murya ta amsa. Na ce alhamdulillah, an ji mu. Amma muryar a bayan Kawu take, cikin jakata, tana kuka da irin kukana: "wallahi ban iya iyo ba." Ɗayan ne, na manta ban kashe shi ba. Duk faɗin tekun nan, shi kaɗai yake jina. Sha shidansa ba ita ce sha shidan jiragen ruwa ba.

Kawu ya dubi jakar, ya dube ni, ya sake duban jakar. Ya ce, "To amsa masa mana. Bawan Allah yana cikin wahala."

Na so in faɗa ruwa, amma kun ji dalilin da ya hana ni.

Abin da ya cece mu al'adar masunta ce: ba ka fita sai ka gaya wa maƙwabcinka na bakin ruwa inda za ka da lokacin dawowarka. Da la'asar ta wuce ba mu dawo ba, Amm Idris, wani tsoho Bahaushen Sudan, ya bar gahawarsa ya biyo mu da jirginsa. Ya jefo igiya muna dab da duwatsun. Ya karɓi lasilkina ya jujjuya, ya ce, "Ya Sale, raƙuma kuka fito kiwo?"

Na tabbata gobe ina motar Madina. Da Baba ya kira, ina tsugune gefe na ji Kawu yana cewa, "Alhamdulillah, yana koyo." Ko kalma bai ƙara ba.

Washegari Kawu ya haɗa ni da Amm Idris ya ce in je in sake zaɓa, ni ɗin dai. A shagon kayan jirgi Amm Idris bai yi mini gori ba. Ya nuna mini wanda ruwa ba ya shiga, in ya faɗa teku yana tasowa sama, yana da maɓallin agaji nasa na musamman, ya kuma ce sai an yi masa takardar izini. Mummuna ne, ruwan lemo kamar kayan wasan yara. Na rungume shi har gida.

Har yau ina tare da Kawu, kuma duk sallah ina sa shi da Amm Idris a addu'a. Abin da na koya kuwa, in za ka sayi abin kiran agaji, fara tambayar wa yake saurare a can ɗaya ɓangaren. In kai ne, ɗan'uwa, sai ka koyi iyo.