Rasuwar Kaka Mai Tari, Kik Ɗin Da Ya Ƙi Saki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe cikin bandeji, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kik ɗin motarmu, wato ƙarfen nan da ke tayar da inji idan an murɗa makulli, wanda a gidanmu aka fi sani da Kaka Mai Tari. Ya rasu ranar Talata da safe a tsakar gida, bayan doguwar jinya da gajeren hauka.

Babbar 'yata, Sarkin Tambaya, ita ta raɗa masa sunan, don kullum sai ya yi "ƙyar-ƙyar-ƙyar" kamar dattijo mai gyaran murya kafin mota ta tashi. Marigayi mai kunya ne. Aikinsa biyu ne rak: ya kama haƙoran filawil, faifan ƙarfen nan na jikin inji, ya juya inji, da zarar inji ya tashi kuma ya saki ya koma ɗakinsa. Ranar da naƙudar Auta ta kama ni, murɗa ɗaya aka yi ya amsa. Wannan ba zan manta masa ba.

Ciwon ya fara ne da ƙin kamawa. A murɗa makulli, sai a ji "ƙas", sai shiru. Baban yara ya samo magani: ya ɗaga bonet, ya ɗauko sifanar taya, ya ba shi biyu a ƙeya, mota ta tashi. Na ce a kai shi wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota.

Ya ce, "Maman yara, ki bar wannan. Kik ai da duka yake jin magana."

Haka aka yi ta dukan dattijon nan watanni, safe da yamma, a gaban jikokinsa.

Ranar Talata na ɗaure Auta a kujerarsa ta baya, na ja wa yayarsa bel, zan kai ta makaranta in wuce da shi allurar rigakafi. Na murɗa makulli, inji ya tashi, amma Kaka bai saki ba. Ya riƙe filawil yana kururuwa, "ƙiiiiii", ƙarfe na cin ƙarfe, har na ji abin a haƙorana. Na kashe mota. Na zare makulli na riƙe shi a hannuna ina kallo. Kaka yana ta juya inji shi kaɗai, mota na girgiza, warin ƙonanniyar roba ya cika mana hanci, hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin sitiyari.

Baban yara ya fito a guje da buroshi a baki, ya ɗaga bonet, ya hau dukan Kaka da sifanar taya kamar yadda ya saba. Ni kuwa na zagaya baya. Maɓallin kujerar Auta ya ƙi buɗewa, yaro yana tari, idonsa ya yi ja. Na finciki maɓallin sai da farcena ya karye, na saɓa Auta a kafaɗa, na ja yayarsa a hannu takalminta ɗaya a ƙafa, na miƙa su ga maƙwabciyata ta ƙofar gida. Da na dawo har yanzu ana duka, har yanzu Kaka na ihu, kuma wayar batir ta fara narkewa dab da tiyon mai.

Na fizge sifanar daga hannun Baban yara na ce, "Matsa."

Ban taɓa Kaka ba. Kan batir na nufa, mai baƙar waya. Na doke shi, tartsatsi ya tashi. Na sake dokawa, na sake, har ya tsage, na cafke wayar da hannu na tumɓuke ta. Nan tafina ya ƙone. Marigayi ya yi "ƙyar" guda ɗaya mai rauni, ya cika. Ni na raba shi da numfashinsa, kuma da zai dawo da wannan haukan yarana na ciki, haka zan sake yi.

Mai wayarin ya zo binciken gawa da rana. Ya dubi kan batir ya ce, "Anti, wa ya yi wannan aika-aika?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Sannu da aiki. A gidan nan dai ba za a yi sata ba."

Mutum uku ake zargi: makulli, da rile mai miƙa wa kik wuta, da marigayi kansa. Ya gwada makulli, ya ga yana dawowa da kansa bayan an murɗa, ya sallame shi. Ya cire rile ya duba, shi ma ba ruwansa. Sai ya zare siririyar wayar da ke kai wa kik umarnin makulli, ya ɗan mayar da wayar batir wurinta, gawa ta motsa. Ba wanda ya aike shi, amma ga shi yana tafiya, kenan ciwon a cikinsa yake. Da ya farke kan kik ɗin, sai ga jan ƙarfen da ke haɗa wuta ya narke ya manne wuri ɗaya. Ashe "ƙas" ɗin nan da muke ji kullum, kukan tsinkewar wuta ne da raunin batir, mu kuma muna amsa masa da sifana. Baban yara ya tofar da abin da ya rage na man goge baki.

Marigayi ya rasu ya bar batir da rotsattsen kai, da filawil mai giɓi, da wayoyi uku da suka ƙone tare da shi. Ya bar Sarkin Tambaya, wadda ta tambaye ni ko Baba ne ya kashe Kaka ko ni, na ce mata mu biyu ne, amma Baba ya fara.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo ta layinmu. Ba wanka, man da ke jikinsa ya isa. Za a karɓi gaisuwa a bakin gareji. Yarana za su ci gaba da tafiya a ƙasa har sai an sa sabon kik da sabon batir, na kuma ji da kunnena cewa magajin ya iya saki. Na sayi ƙaramar sifanar kwance kan batir, yanzu tana jakar Auta, tsakanin kunzugu da fidar madara.

Sifanar taya kuwa tana ƙarƙashin gadona. Duk mai ta'aziyyar da ya zo ya ce idan sabon ya ƙi tashi a ɗan buga shi, ko da uban yarana ne, a kansa za mu gwada ko da gaske ne da duka ake jin magana.

Sanarwa daga Maman yara, a madadin iyalan mamaci.