Motar Yaya da Taɓarya

Labbo direba, ɗan ƙanwata mai lodin Kaura zuwa Shinkafi, shi ya fara ba ni labarin nan. Ranar ɗana Imrana ya shigo gida yana ta washe baki wai ya yi wa motarsa inshora, har kaji sai da suka ji. Labbo na zaune yana shan fura. Ya aje ludayi ya ce, "Inna, bari ki ji ta wani." Na tambaye shi sunan mutumin, ya ƙi faɗi. Ban matsa ba. Shi ma ɗan wata ne.

Wani ne a nan Kaura, dillalin shanu. Mutumin kirki, ba ya cin amanar kowa, sai dai Allah ya yi shi da gwaji. Ba ya sayen sa sai ya buɗe masa baki ya ga haƙora, ya murɗa wutsiya ya ga tashinsa. Tukunya sai ya ƙwanƙwasa. Kankana sai an yanka masa gefe. Matarsa ta ce ko gishiri aka sayo sai ya lasa, ko an yi masa algus.

Yana da wa, Malam Dalhatu, tsohon hedimasta, mai wata farar mota. Malam na son motar nan so na tsakani da Allah. Kullum da safe da tsohon rawaninsa yake goge ta. Da zai tafi aikin Hajji ya kira ƙanen nasa ya danƙa masa makulli.

"Ka riƙa tayar da ita da sahe, kada batir shi mutu. Tayarwa na ce, ba tahiya ba."

"Haba Yaya! Ni?"

Ranar Alhamis, ranar kasuwa, sai ga motar a Shinkafi, a bakin kara inda ake cinikin shanu. Mutumin ya fito yana kaɗa makulli, ana ta yi masa barka. Ana cikin ciniki ya murɗa wutsiyar wani jan bijimi don mai saye ya ga lafiyarsa. Bijimi kuwa ya nuna lafiya. Ya tsinke igiya, ya miƙe bai tsaya ko'ina ba sai jikin ƙofar gaba ta mai zaman banza. Ƙofa ta lotsa kamar kwanon sha da jaki ya taka.

Mutumin ya zauna daɓas a ƙasa. Mai saye kuwa ya ce lallai ya yarda, a kamo a ɗaure masa.

Can ya tuna Malam ya sha faɗi cewa inshorar motarsa babba ce, ba irin ta nuna wa 'yan sanda a hanya ba. Lambar waya na manne a gilashi. Ya buga. Wani Khalil, ma'aikacin inshorar, ya ɗauka daga Gusau, ya saurara, ya ce a ɗauki hoton ƙofar a turo masa.

"Kwantar da hankalinka, Baba. Ka zaɓi garejin da ka yarda da aikinsu, mu ke biya. Amma kada kowa ya taɓa ƙofar nan sai na zo ranar Litinin na gani da idona."

"Yaro, alhazai sun kusa hwara dawowa."

"To ka zaɓa da wuri."

Nan fa ake yin ta. Yaya za a yi ya zaɓi mai gyara bai ga aikin hannunsa ba? Ƙofar da za a gwada a kanta kuma an ce kada a taɓa. In ya zaɓi ɗan koyo aka yi aikin banza, Malam zai gane tun daga bakin zaure, don mutum ne da ke ganin sawun ƙuda a jikin motar nan.

Da safe yana zaune ya rafka tagumi, matarsa na daka a tsakar gida. Tim, tim, tim. Ya ɗaga kai. Ya kalli taɓarya, ya kalli mota. Ya tashi ya karɓe ta daga hannunta.

"Maigida, sussuka nike hwa!"

"Aikin da za ta yi yau ya hi sussuka."

Ya fara da garejin Dauda, nan Kaura, mai buga jikin mota da fenti. Dauda ya ga ƙofa ya kawo hannu zai shafa. Mutumin ya buge hannun.

"Kul! Wagga ta inshora ta. Zo nan."

Ya zagaya da shi ɗaya gefen, lafiyayye, mai sheƙi. Ya fito da taɓarya daga but, ya yi bisimilla, ya ɗan dangwara wa ƙofar baya. Ƙwas.

Dauda ya riƙe baki. "Baba, lahiya?"

"Ɗanɗano na. Gyara in gani."

Dauda ya dube shi, ya dubi sama, ya ɗauki guduma. Ya buga, ya goge, ya yi feshi. Kafin azahar wuri ya koma sumul. Mutumin ya tsuguna ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya shinshina.

"Ya yi. Amma harin naka na madara na, na Yaya kuwa na kindirmo."

"In ya sha iska za su daidaita."

"Kuma gwajin ya yi ƙanƙane. Wanga ko ni da dutsen guga sai in hid da shi. Bari in ga na Shinkahi."

Ya kama hanya tun rana na sama, don yanzu ba mai son yamma ta riske shi a hanyar nan. A Shinkafi ya sami Halilu mai gyaran jikin mota a ƙarƙashin dalbejiya, shi da 'yan zaman gareji suna shan shayi. Ya yi musu bayani kamar yadda ake bayanin sa ga mai saye. Wannan karon bai tausaya ba. Ya tofa yawu a tafi, ya ja da baya, ya ɗaga taɓarya da hannu biyu ya sauke a saman tayar baya. Ƙarar ta sa tantabarun unguwa suka tashi.

Wani tsoho ya zubar da shayinsa. "Innalillahi! Taka ta ko ta maƙiyinka?"

"Ta Yaya ta. Shi ya sa nike taka-tsantsan."

Halilu ya shafa wurin ya ce wannan sai an kwance, an gasa da wuta, an cike, an bari ya bushe. Ba aikin yini ba ne.

"Ni yau nike son gani."

"To sai dai in shahe ma shi da maganin cikewa, ka dawo jibi a goge."

Ya shafe wurin da wani abu ruwan toka, faɗinsa ya kai faifai. Mutumin ya tsaya ya dubi motar Malam. Ga madara, ga kindirmo, ga kunun toka. Ya ce a ransa ai duk inshora ce. Suna cikin haka waya ta yi ƙara. Malam ne daga Makka.

"Kana tayar da ita?"

"Kullum, Yaya. Har ta saba da ni."

"Madalla. An ce jirginmu na cikin na hwarko."

Bai ko shanye shayin da aka miƙo masa ba.

Washegari sai Zurmi, wurin Magaji, wanda direbobi ke yabo. Magaji dattijo ne, ba ya son wargi da safe. Ya ji bayani, ya zagaya motar, ya ga mutumin na fito da taɓarya.

"Mai da abarka. Ni ba ni gyaran dukan mata."

"Gwaji na, Magaji."

"Gwajin mi? Dukan taɓarya daban, na ƙaho daban. Ita daga bisa taka sauka, shi daga ƙasa yaka ɗauko ƙarhe shi naɗe. In gwaji kake so na gaske, sai ka kawo min na ƙahon sa."

Magaji ya faɗi haka ne don ya rabu da shi. Ya koma kan aikinsa. Mutumin kuwa ya tsaya baki buɗe. A duk yawon nan yau ya gamu da mai hankali. Kuma wa ya fi shi sanin inda jan bijimin yake? Shi ya yi dillancinsa. Sodangi ne ya saya, wani Bafulatani a Gurbin Bore.

Ya iske Sodangi a bayan gari, bijimi na ɗaure a turke yana tuƙa. Suka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Sodangi ya jingina da sandarsa. "Aron sa don huɗa na sani. Aron sa don barbara na sani. Wanga kam ban taɓa ji ba."

"Sau guda kawai. Nan, ƙohwar direba. Kada shi wuce nan."

"To, gaya mai da kanka."

Aka kwance bijimi aka kawo shi gaban ƙofar direba. Ya shinshina ta. Ya lashi madubi. Ya juya ya ci gaba da tuƙa. Mutumin ya yi masa tsawa, ya kaɗa masa hula, ya roƙe shi don girman Allah. Bijimi ko kallo.

Sodangi ya ce, "Ran nan mi ka yi mai?"

Sai ya tuna. Ya naɗe hannun riga, ya zagaya baya, ya kama wutsiya ya murɗa iya ƙarfinsa.

Abin da bai lissafa ba shi ne, bijimi ba shi da rigima da mota. Da shi yake da ita.

Ya zura da gudu ya laɓe a gaban mota. Bijimi ya kawo kai, ya goce, fitila ta tarwatse. Ya koma baya, but ya shige ciki. Ya zagayo, madarar Dauda ta tafi. Ya sake zagayowa, kunun Halilu ya zubo ƙasa gaba ɗaya kamar ɓawon gyaɗa. Sodangi na kan bishiya yana ba da shawara.

"Hagu! A'a, hagunka!"

Da numfashi ya ƙare, ya fizgo ƙofar nan ta inshora ya faɗa ciki da ka, bai samu rufewa ba. Ƙofa na wangale, bijimi ya taho ta baya ya sa mata ƙaho daga ciki. Ɓam! Sannan ya tsaya, ya yi huci, ya koma turkensa da kansa.

Da ƙura ta lafa mutumin ya rarrafo waje. Ya dubi ƙofa. Ya goge ido ya sake dubawa. Lotsawar nan ta fito tsaf. Ko alama babu. Har fuskarsa yake gani a ciki, ba hula.

Ranar Litinin motar na ƙofar gidan Malam, ta iso da ido ɗaya, bamba a kujerar baya, taɓarya a karye. Khalil ya sauka daga mashin da 'yar jakarsa. Bai gama sallama ba sai ga motar haya ta tsaya, yara na ihu, "Ga Alhaji! Ga Alhaji!" Malam Dalhatu ya fito da farar jallabiya da sabon haƙorin Makka. Yana murmushi. Ya ga mota. Haƙori ya koma ciki.

Khalil ya zagaya, yana kallon hoton da ke wayarsa yana kallon mota.

"Baba, hoto ɗaya ka turo min. Waɗannan fa?"

"Gwaji na."

"Gwaji ba ya cikin inshora. Namu ƙofar nan ce kaɗai." Ya shafa ta, ya tsuguna ya hango ta ta gefe. "Ita kuma lafiyarta lau. Ba abin da za mu gyara. Alhaji, barka da sauka."

Ya hau mashin ya tafi.

Alhaji ya danne zuciyarsa. Mutum ne da ya dawo daga ɗakin Allah, bai so ya ɓata aikinsa tun a ƙofar gida. Ya bi motar a hankali yana taɓa kowane rauni kamar mai duba majinyaci, yana salati ƙasa-ƙasa. Ƙanen na biye da shi, hannu a baya. Da suka iso ƙofar nan Alhaji ya tsaya. Ya karɓi wayar ƙanen ya ga yadda take a hoto. Ya dubi yadda ta koma. Ya ciro gefen jallabiya ya goge ta.

"Wanga aiki na ƙwarai na. Ko henti bai taɓa ba. Na Kaura na?"

"A'a, Yaya."

"Na Shinkahi?"

"Na Gurbin Bore na."

"Akwai gareji Gurbin Bore?"

"Shi kaɗai yake aikinai. Bugu guda ya yi mata."

Alhaji ya sauke ajiyar zuciya. "To alhamdu lillahi, ko banza ka iya zaɓe. Gobe tun da sahe mu kai mai sauran. Da ni za a tahi, in gan shi da idona."

Mutumin ya sosa ƙeya.

"To, Yaya. Amma wanga karon kai za ka riƙe wutsiyar."

Washegari da safe, kafin kowa ya tashi, na ɗauke taɓaryar gidan nan na tura ƙarƙashin gadona. Rashida matar Imrana ta zuba gero a turmi, ta duba nan ta duba can.

"Inna, ba ki ga taɓarya ba?"

"Je ki aro maƙwabta, ɗiyata. Mijinki ya yi inshora."