Ranar Da Na Doki Ƙwallo Na Yi Hagu

Duk abin da zan manta a zamana na Jidda, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na buga wa ƙungiyar kamfaninmu wasan besbol ba. In na tuna sai kunya ta rufe ni, amma can ƙasan zuciya wani daɗi nake ji.

Injin ɗaga kaya nake tuƙawa a wata masana'antar robobi da ke Madinar Masana'antu. Kamfanin yana da ƙungiyar besbol da wasu injiniyoyi 'yan Japan suka kafa tun ana aza harsashin wurin, daga baya 'yan Filifin suka gaje ta. Ƙungiyar ta girme ni. Wanda ya san tarihinta kaf shi ne Ammi Usman mai gadin ƙofa, Bahaushen Sudan, wanda bai taɓa riƙe sandar wasan ba, amma babu karawar da ta wuce shi. In ya kama ka a bakin ƙofa da kofin shayi, sai ka ji shekarar da ruwan sama ya cika filin suka yi wasa cikin taɓo kuma suka ci. Sai ka ji ranar da mai jefa musu ƙwallo ya ƙarasa wasa da karyayyen yatsa bai gaya wa kowa ba. Sai kuma ranar da wani tsoho ɗan Japan ya doki ƙwallo ta faɗa bayan wata tirela mai wucewa, wai sai a Makka aka sauke ta (Ammi Usman har rantsuwa yake yi a kan wannan, ni dai ban gani ba).

Wata rana yana cikin ba da labarin sai bakina ya ja mini. Na ce, "Ammi, wannan wasan ai ba wani abu ba ne. Mu da muka tashi da gora a hannu muna kiwo?"

Ashe Ramon, kyaftin ɗin ƙungiyar, yana tsaye a bayana, Ammi Usman kuwa ya fassara masa da Larabci har da ƙari. Haka aka rubuta sunana cikin 'yan jiran ko-ta-kwana. Sau biyu na je atisaye, duk biyun dukan ƙwallo aka koya mini. Da aka zo koyar da gudu sai na ce zan je sallah, daga masallaci na wuce gida. A ganina gudu ai gudu ne, wa zai koya mini?

Ga wanda bai san wasan ba: filin kusurwa huɗu gare shi. Ka doki ƙwallo, ka yar da sanda, ka zagaya ta hannun dama kana taka kowace kusurwa har ka dawo inda ka tashi, shi ne ci ɗaya. In kuwa ƙwallo ta haye katanga, babu mai ikon tare ka har ka gama zagayen. Yanzu ne na iya wannan bayanin.

Wasan ranar ba ƙarami ba ne. Shi ne na ƙarshe a tsohon filin, don kamfani zai gina sito a wurin, kuma da 'yan unguwar Khumra za a kara, waɗanda suka yi shekaru suna lallasa mu. Ana saura kwana biyu ɗan wasanmu ɗaya iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare, ya zauna a ɗaki yana jiran a sabunta. Ramon ya dafa kafaɗata ya ce, "Halas, shi ke nan, kai ne." Maimakon in ji tsoro, sai na wuce unguwar Ammariyya na gayyato surukina, Alhaji Tahir, mutumin da tun da na auri 'yarsa bai taɓa yaba mini ko da ɗinkin riga ba. Ya zo bayan la'asar da farar jallabiyarsa da 'yar kujerarsa ta ninkewa.

Sau uku na fito dukan ƙwallo, sau uku na doki iska. A zagayen ƙarshe suna gabanmu da ci ɗaya, Ramon yana tsaye a kusurwa ta uku, kusurwa ɗaya ta rage masa ya dawo gida, kuma damar ƙarshe ta faɗo a kaina. Jifa na farko na kuskure. Na biyu ma haka. Na waiga na ga Alhaji ya fara naɗe carbinsa alamar tafiya. A na uku na runtse ido na ce bismillahi na kai duka. Ƙarar da na ji ba irin ta da ba ce. Ƙwallo ta tashi, ta wuce kan kowa, ta haye katanga.

Sai na ruga. Da sandar a hannuna. Ta hagu.

Fili ya ɗauki ihu, "Yamin! Yamin!" wato dama. Ni kuwa don tsananin murna abin da kunnena ya ji shi ne "Amin! Amin!" Na ce lallai mutanen nan addu'a suke yi mini, na ɗaga sanda sama ina amsawa, "Amin summa amin!" Sai ga Ramon ya taho a guje, mun yi gaba da gaba, yana kaɗa hannuwa in kauce. Na ɗauka runguma yake so. Na cafe shi na ɗaga shi sama (ba shi da nauyi, bawan Allah) ina juyi da shi yana harba ƙafa.

Muryar Ammi Usman ce ta dawo da ni hayyacina. Da Hausa tsantsa ya kwarara, "Kai ɗana, ina za ka? Baibai kake gudu! Sauke mutumin nan!"

Na sauke shi. Na duba: rabin 'yan Khumra suna zaune a ƙasa don dariya, ragowar sun yi wa alƙalin wasa caa wai a fitar da ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Alƙalin, wani dattijo ɗan Filifin, ya share hawayen dariya ya ce ƙwallo dai ta haye katanga, ni kuma ban taka kusurwa ko ɗaya ba, don haka in koma in faro. Ramon ya ƙarasa gida. Ni kuma na ajiye sanda na zagaya ni kaɗai, 'yan Khumra na kowace kusurwa suna nuna mini hanya da hannu kamar 'yan sandan kan titi. Na taka ta ƙarshe, muka ci su da ɗaya. 'Yan ƙungiyarmu suka ɗaga ni sama, a nan kuma suka raɗa mini Abu Yasar, wato na hagu. Har manaja da sunan yake kirana yanzu.

Na ɗauki Alhaji a mota muka kama hanyar Ammariyya. Ya gyara murya ya ce, "Ɗana, ni ban fahimci wasan nan ba. Amma na ga kai kaɗai ka kai ƙwallo bayan katanga."

Na ce, "Baba, ai gudun ne na ɓata."

Ya ce, "Wannan ba sai Hajiya ta ji ba."

Surukar tawa ta ji, mana. Kafin magariba duk layin ya ji, kuma daga bakin Alhajin. Tun daga ranar, in aka kawo sabon abu aka ce wa ya iya, ban daina ɗaga hannu ba, don hali ne. Amma kafin in tashi sai na ja wani gefe na tambaye shi a hankali: malam, ta wane hannu ake bi?