Ranar da Baffa Ya Shiga Ajinmu

Akwai wata safiya a shekarar korona da ba na jin zan taɓa mantawa da ita. An rufe jami'a, na koma gida Yendi, karatu ya koma cikin waya. Ni kam daɗi na ji. Mutum ne ni da ko tambaya ba na iya yi a aji, sai ga shi an ce in zauna a ɗaki in yi shiru.

Sai malaminmu ya raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni zai gabatar da aiki, makin kuma na kowa ne. Ni da Rahinatu 'yar Salaga da Fuseini ɗan Bawku. Suka ce ni zan yi magana tunda ni na rubuta. Sharaɗin malam ɗaya ne: fuskar mai magana kada ta bar kyamara.

Na shirya sosai. Na zagaye gidan da waya ina neman inda sabis ya fi ƙarfi, na same shi a zaure. Na goge riga, na jingina wayar da littattafai, na haddace kowace jimla. (Har inda zan ja numfashi na tsara. Abin da ban lissafa ba shi ne zaure hanyar baƙi ce.)

Ina tsakiyar bayani na ji sallama. Baffa ne, yayan babana, ya dawo daga Kpandai da doya. A gidanmu ba a gaida babba a zaune kan kujera. Kafin in yi tunani, gwiwoyina sun kai ƙasa. Abin da aji ke gani kujera ce, abin da suke ji kuma muryata: "Naa... Naa... Naa," ina amsa gaisuwa irin ta Dagomba ɗaya bayan ɗaya.

"Kai da wa kake surutu, kai da ba ka magana?" in ji Baffa.

"Malaminmu ne, Baffa."

"Malaminka? Shi ne ka bar shi ba a gaishe shi ba? Miƙo!"

Na miƙa. Ya kara wayar kusa da hancinsa, ya tambayi malam iyali da gajiya. Malam ɗan Kudu ne, ba ya jin Hausa. Sai Fuseini, Allah ya saka mini, ya buɗe makirufonsa ya fara fassara.

Baffa ya ce, "Malam, yaron nan namu ne, amma mun ba ka. In ya ƙi karatu ka zane shi. Ba ya faɗa, sai dai kuka."

Fuseini bai rage ko kalma ba. Daga nan Baffa ya yi wa aji addu'a doguwa, mutane suna ta "Amin" cikin dariya, har lokacinmu ya ƙare ina durƙushe.

Malam ya ce ya gode da izinin, amma ba zai yi amfani da shi ba. Ya ba mu maki kan rabin da ya ji. Rahinatu ta yi mako ba ta amsa saƙona.

Da aka buɗe makaranta aka tambaye mu wanne muka fi so, karatun waya ko na aji, ni na fara ɗaga hannu, karo na farko a rayuwata. Na ce aji. Can ma ina jin kunya, amma aƙalla akwai mai gadi a ƙofa.