Kitson Kakar Asabe

Ko ranar aurena na iya kwance mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da wata tsohuwa ta cire ɗankwalinta a laburaren makarantarmu ba.

Ina koyarwa a wata sakandare a Garki. A wani zango ni da Madam Rifkatu, mai kula da laburare, muka raba ɗalibai rukuni-rukuni su binciko al'adun Afirka. Ni da bakina na kafa doka: duk abin da za ka rubuta, sai ka kawo littafi ɗaya da dattijo ɗaya da suka shaide shi. (Har sau uku na buga tebur, don su san ba wasa.)

Ana cikin haka wata ɗaliba ta tambaye ni a aji me ya sa matan Gbagyi ke ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Wallahi ban sani ba. Kullum ina ganinsu a hanya, ban taɓa tambaya ba. Amma idanu sun yi mini yawa, sai na gyara tsayuwa na ce, "Don kada kitsonsu ya ɓaci ne." Suka rubuta.

Asabe, wata 'yar Gbagyi a ajin, ita ce kawai ba ta rubuta ba. Rukuninta suka kawo cewa Gbagyi na girmama kai ne, shi ke ɗauke da tunanin mutum, bai kamata a ƙara masa wani nauyi ba. Na zabga musu jan biro, na cire su daga jerin masu gabatarwa ranar al'adu. Yarinyar ta yi makonni tana shirin ranar nan.

Bayan kwana biyu Madam ta aiko a kira ni. Na tarar da Asabe da 'yan rukuninta, ga littafi a buɗe, ga wata tsohuwa zaune, ƙwaryar doya a gefenta.

"Oga Malam, ga littafinsu, ga kakar Asabe daga wajen Jiwa," in ji Madam. "Naka littafin fa? Ko yana gida in aika a ɗauko?"

Na fara kame-kame, wai ai masana sun sha bamban. Tsohuwar ta tambayi jikarta me nake cewa. Da aka faɗa mata, sai ta kai hannu ta zame ɗankwali. Gashin fari fat, an aske shi ƙasa-ƙasa, ko silin kitso babu.

"Ɗana," ta ce, "duba da kyau. Wanne ne nake tsoro ya ɓaci?"

Ɗaliban suka yi ta cije leɓe. Madam kuwa ko ƙoƙarin ɓoye dariyarta ba ta yi ba. Ni dai na ji zufa har cikin safa. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini, ƙirƙira na yi." A gabansu na mayar da sunan rukunin cikin jerin, washegari kuma na sa dukan aji suka soke abin da na ba su.

Asabe ta gabatar da aikinta, ƙwarya a kafaɗa, kakarta a layin gaba tana kallona tana gyara ɗankwali.

Yanzu in aka yi mini tambayar da ban sani ba, cewa nake, "Ku tashi mu je wurin Madam." Tafiyar minti biyu ce. Waccan amsar kuwa cikin daƙiƙa biyu na ba da ita, har yau ɗalibai na kirana Malam Kitso.