Wuƙar Baba a ɗakin Madam

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar takardar nan ba, ƙyat-ƙyat, don a lokacin har daɗi take yi mini a kunne.

A shekarun casa'in ne, ina karatu a Lyon, ina rubuta kundin digiri a kan wani tsohon jerin littattafan yara, labaran wata ƙasa da babu ita a taswira. Tun ina ɗan lakkwal, wato makarantar boko, a Damagaram suka kama mini zuciya. Malamina ya ce kundin ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai na ga tarin littattafan wata dattijuwa a Paris, wadda ba kowa take buɗe wa ƙofa ba. Da ƙyar ya samo mini izini.

Na sauka wurin kawuna a Montreuil, nan gefen Paris. Da safe ya yi mini huɗuba: "Gidan mutane za ka, ɗana. Kar ka naɗe hannu kamar suruki. Aikin da ka gani, ka kama. Tu comprends?"

Da Madam ta buɗe ɗakin, sai na ga na tuɓe takalmi ba tare da an ce in tuɓe ba. Littattafan ne daga ƙasa har rufi, cikin harsunan da ko haruffansu ban sani ba. Ga 'yan tsanar da aka yi wasan kwaikwayon labarin da su, ga hotunan silima. Ni da na san labarin a kwafi guda mai yagaggen bango, wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Ta ajiye mini bugun farko na Faransanci a kan tebur, ta tafi haɗa shayi. Na buɗe, sai na ga shafukan a haɗe suke ta baki, ba a taɓa raba su ba. Ai wannan aikin gidanmu ne. Babana mushen lakkwal ne, wato malamin makaranta, haka littattafai ke zo masa daga Faransa, shi ke raba su da 'yar wuƙa, kuma ita ya ba ni da zan taho. Tausayi ya kama ni: baiwar Allah, ga tsufa, ba ɗa ba jika da zai yanka mata. Na yi bisimilla (ni dai ban raba Allah da ɓarnata ba), na kama aiki.

Na kai rabi ta shigo da faranti. Ta tsaya cak.

"Monsieur, me kake yi?"

"Kar ki damu, Mama," na ce, har da murmushi, "saura kaɗan."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. A hankali ta gaya mini cewa marigayi mijinta ya shekara da shekaru yana neman kwafin da wuƙa ba ta taɓa ba, kuma masana na tsallako teku don su gan shi a rufe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kundina, mutuncin malamina, duk na yanka su da hannuna.

Ta zauna, ta jawo littafin, ta daɗe tana kallon wani zane da bai taɓa ganin rana ba. Launinsa kamar yau aka shafa.

"Na san zanen nan a kwafi da yawa, duk sun koɗe," ta ce. "Ashe haka shuɗin yake."

Sannan ta miƙo hannu, na ɗora mata wuƙar.

"Ka dawo gobe. Wannan kuwa, sai ranar da ka gama kundin."

Na gama, ta mayar mini. Amma har yau, ko burodi aka ajiye mini a gidan mutane, sai na tambaya: na ci ne, ko na kallo?